Injin da Ake Juyawa da Hannu

Direba ya riga ya maƙala waya ɗaya a kan batir, yana miƙa hannu zai maƙala ta biyu, sai sandar Baba ta sauka a bayan hannunsa. Ba dukan wasa ba ne. Wayar ta faɗi ƙasa, shi kuma ya ja da baya yana yarfe hannu, ƙaton magidanci mai 'ya'ya, yana kallon yayarsa kamar ita ce ta aiko sandar.

"Kin gani ko, Yaya? Yau dai ba labari aka ba ki ba."

Ta gani. Tana tsaye a bakin rumfar da motar ta yi shekara da shekaru a cikinta, ko jakarta ba ta ajiye ba. Baba ya tsaya tsakanin ɗansa da motar yana haki, ya ce duk wanda zai murɗa makullin nan sai dai ya fara bi ta kansa.

Motar 'yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, kuma injinta ba irin wanda kowa ya sani ba ne. Ba shi da fistin ko ɗaya. Wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku-uku suke juyawa a cikinsa, shi ne masu gyara ke kira injin rotari. Baba a kanikanci ya ƙare ƙarfinsa, kuma a zamaninsa idan irin wannan inji ya yi gardama wurinsa ake kawowa. Tasa motar ta fara haɗiye ruwan lagireto tana fitar da farin hayaƙi a shekarar da Mama ta kwanta ciwo. Ya tura ta rumfa da niyyar zai gyara idan an samu sauƙi. Sauƙi bai samu ba. Mama ta rasu, ido ya yi rauni, ƙarfin ɗaga inji ya tafi, mota ta zauna tayoyinta suka sace.

Zaman motar bai dami kowa ba. Abin da ya tayar da hankali shi ne abin da maƙwabciya ta hango ta kan katanga, kuma maƙwabciyar irin mutanen nan ce da idonsu ya fi hannunsu aiki. Ta ce wa Direba duk mako tsohon nan sai ya shiga rumfa, ya cire filogi, ya ɗiga mai a ramin, ya sa doguwar sifana yana juya mataccen inji a hankali, kunnensa a jikin ƙarfe, yana gyaɗa kai kamar wanda ake ba wa labari. Ta ce har tsumma ya cusa a bakin salansa. Direba tanka yake ja, kuma a wurinsa duk injin da bai girgiza ƙasa ba abin wasan yara ne. Nan take ya yanke cewa kan Baba ya taɓu. Ya share ɗaki a gidansa, ya sa katifa, ya karɓo ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ya ce a makon nan zai ɗauke shi, ko yana so ko ba ya so. Baba ya ce ba inda za shi. Batirin nan Direba ya kawo shi ne don ya nuna wa tsohon a gaban idonsa cewa gawa yake jinya.

Yaya ba ta yarda ba. Ta san a fitar da mutum daga gidansa da sunan rikicewa, binne shi ne da ransa, domin daga ranar ko ruwa ya ce yana da zafi sai an taɓa an ji. Amma a faɗi gaskiya, ita ma zuciyarta ba a tsaye take ba. Baba ya taɓa yi mata bayanin abin da yake yi, sau ɗaya ko sau biyu, tana ta cewa "to, Baba" idonta yana kan waya. Haka 'ya'ya suke. Tsoho ya faɗi magana ba a saurara ba, in ya maimaita a ce ya fara surutai.

Ta ajiye jakar a kan murfin motar, ta ce a kai motar wurin Sannu-Sannu bakanike.

"Ya buɗe injin a gabanmu. In tsatsa ta cinye cikinsa, ba zan sake buɗe baki ba, ka yi yadda ka ga dama. In ya tarar da shi lafiya, ka mayar da katifarka inda ka ɗauko ta, ka kuma ba likita haƙuri."

Direba ya ce ya yarda, har da dariya. Ba wanda ya tambayi Baba ko shi ya yarda. Abin da ya ce kawai shi ne a sa wa tayoyin iska, kuma a tabbata giya tana furi kafin a ja ta.

Garejin Sannu-Sannu yana bayan layin masu walda, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwa. Shi yaron Baba ne a da, a hannunsa ya koyi riƙe sifana, yanzu kuwa furfurarsa ta kusa kamo ta maigidan. Sunan ya samo shi ne daga masu motocin da suka gaji da jira a bencinsa. Da ya ga wanda ke fitowa daga motar da ta jawo su, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge tafinsa a wando, ya durƙusa. Gaisuwar ta yi tsawo, ta bi gwiwar Baba, ta bi idonsa, ta bi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har Direba ya ce idan da gaisuwa ake gyaran mota da garejin nan ya fi ko'ina ciniki. Sannu-Sannu ya ce ai shi ya sa bai taɓa gyara tanka ba, masu ita ba sa tsayawa a gaisa.

Yaya ta ja shi gefe ta gaya masa abin da ke tafe da su, ba ta rage komai ba. Ya saurara yana kallon ƙasa. Bai ce Baba lafiyarsa ƙalau ba, bai ce akasin haka ba. Ya ce ƙarfe ba ya kara, abin da ke ciki shi za a gani.

Bai nemi batir ba. Ya cire filogi ya shinshina, ya haska ramin da tocila. Ya kashe rediyo, ya leƙa ya roƙi mai gyaran bodi na kusa da shi ya ɗan ajiye guduma. Sannan ya sa doguwar sifana a gaban injin ya jingina da ita a hankali, kamar mai tura ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Injin ya motsa. Daga ramin filogi wata iska ta fito, fuu, aka ɗan jima, fuu, sannan ta uku. Ya koma ɗaya ramin ya sake. Yaya ba ta san abin da take ji ba, saboda haka fuskar mutumin ta tsare da ido, ta ga kuma girarsa ta sauka.

"Yana numfashi, Maigida. Amma a ramin gaba akwai guda ɗaya da ke jan ƙafa."

"Tun daminar bara," in ji Baba. "Na ji shi."

Direba kuwa ya ce ko kwalba ka hura sai ta yi kuka, shi buɗewa aka yi alkawari ba busa ba. Kuma da gaskiyarsa, haka aka yi da shi.

Fitar da inji ya ci rabin yini. Aka kwance wayoyi da bututai, aka ɗaura sarƙa, aka ɗaga shi yana lilo, ga shi ɗan dunƙule kamar ba shi ne aka yi shekaru ana tashin hankali a kansa ba. Baba ya zauna a wata kujerar bas da aka jingina da bango, yana ba da umarnin da ba wanda yake buƙata, har barci ya sace shi. Yaya ta dube shi, baki a ɗan buɗe, sanda tsakanin gwiwoyi, wuyan riga ya yi masa yawa. A gida ba ta cika ganin tsufansa ba, saboda a gida komai tare da shi ya tsufa. A nan cikin hasken rana ta gan shi sosai, tsoro ya dawo mata. In aka buɗe aka ga tsatsa fa? Ita ce da bakinta ta ɗora mutuncin mahaifinta a kan teburin gareji, ba tare da ta tambaye shi ba.

Ƙarar saukar injin a kan tebur ce ta tashe shi. Ya share baki, ya ce kafin a taɓa noti ɗaya a saurare shi. Ya ce robobin ciki duk sun mutu, wannan ba sai an gaya masa ba, su ne ma suka sa ya ajiye motar. Ya ce a ƙasan farantin gaba za a tarar da tsatsa, inda ruwa ya kwanta kafin ya farga ya tsiyaye shi. Faratan injin kuwa suna nan da ransu, sai guda ɗaya da ya yi nauyi.

"Yanzu kuma duba muka koma," in ji Direba, ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

Injin a jere yake kamar an kifa faranti a kan faranti, dogayen kusoshi sun ratsa shi sun ɗaure. Sannu-Sannu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana sassauta wannan kaɗan ya tsallaka na can, don kada ƙarfe ya karkace. Da ya ɗaga farantin baya, mai ya zubo, baƙi-baƙi mai kauri, ya bi teburin. Ya sa tsumma ya share. Ga ƙarfen mai kusurwa uku zaune a cikin gidansa, gidan kuwa mai siffar kwanson gyaɗa, bangonsa yana ƙyalli har Yaya ta hango inuwar mayafinta a ciki.

A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe a cikin tsaga, shi ne abin da Baba ke kira farce. Sannu-Sannu ya danna na farko da babban yatsa, ya nutse, ya sake shi ya dawo. Na biyu haka, na uku haka. Yana yi yana bayani, ba don Baba ba. Ya ce waɗannan su ke shafar bango su riƙe iska, su ne ran injin. Idan aka bar inji ya zauna shekaru ba a juya shi, baƙin hayaƙi da tsatsa sai su liƙe su a tsagarsu. Mai gaggawa ya zo ya sa batir ya murɗa makulli, farcen da ya liƙe ya karye, gutsuren ya bi bangon nan mai ƙyalli yana yanka, kafin ka ce me an gama da inji. Ya ce akwai biyu can bayan gareji da aka kawo masa a haka, kaji ne ke ƙwai a cikinsu. Man da ake ɗigawa da juyin da ake yi da hannu su ke hana liƙewar, tsumman salansa kuma don danshi ne da ɓera.

Yaya ta ji kunya ta rufe ta, domin wannan bayanin ta taɓa jin sa, da wata murya, a ranar da take cewa "to, Baba".

Saura na gaba. Aka zare na baya aka ajiye, aka ɗaga farantin tsakiya, aka fito da ɗaya ƙarfen. Farata biyu suka nutse suka dawo. Na ukun ya nutse ya tsaya a can, sai da aka ɗiga masa kananzir aka lallaɓa shi da bakin sukundireba kafin ya ɗago. Sannu-Sannu ya ɗaga kai ya dubi Direba, ya mayar da kai. Sannan ya share man da ke kan farantin gaba, sai ga tsatsa, jajawur, ta kwanta a ƙasan farantin ta fi tafin hannu faɗi.

"To, ga ta nan," in ji Direba. Muryarsa ba ta yi ƙarfin da ya so ba.

Yaya ta dafa tebur, ba ta kula da man da ya ɓata mata hannun riga ba. Ta manta cewa Baba ya riga ya faɗa, ita dai tsatsa ta gani, kuma tsatsa ta ambata da safe. Sannu-Sannu ya ce a dakata, tsatsa iri biyu ce, akwai ta fata akwai ta ƙashi. Ya jiƙa wurin da kananzir, ya ɗauko takardar goge ƙarfe mafi laushi ya shiga zagayawa, ba ya dannawa. Jan ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasan ya koma toka. Ya goge, ya ja farcensa a kai yana neman inda zai sarƙe. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan farantin, ya nemi ya zura wani siririn ƙarfe kamar takarda a ƙarƙashinsa, ya ƙi shiga. Ya juya ma'aunin ta wata fuska ya sake, ya ƙi. Duk wannan a hankali yake yin sa, har Yaya ta fahimci dalilin da masu mota ke zaginsa.

Sai ya ɗauki farantin da hannu biyu ya kai gaban kujerar bas. Baba bai ko sunkuya ya duba ba, idon ba zai ba shi ba. Ya rufe idanun ma gaba ɗaya, ya bi wurin da ɗan yatsa, gaba da baya.

"Ta fata ce."

"Ta fata ce, Maigida. Inji lafiya lau. Robobi kawai yake so, da wanka."

Yaya ta nemi wuri ta zauna, a kan wata tsohuwar taya ta samu kanta. Ta ji yunwa a karon farko tun safe, ta ji ƙarar guduma ta dawo daga maƙwabta, ta ji duk garejin ya yi faɗi. Dariya ta taso mata ba dalili, ta danne ta da gefen mayafi. Mahaifinta yana nan. Tsohon da ke shiga rumfa da sifana bakanike ne yana aikinsa, ba wani abu ba.

Direba ya daɗe a tsaye yana kallon farcen nan da ya liƙe. Haƙuri ba ya cikin kayan da ya iya ɗauka, kuma ba a ranar zai koya ba. Abin da ya yi shi ne ya naɗe hannun riga, ya jawo kwanon kananzir da buroshi, ya tambayi wanne za a fara wankewa. Baba ya ce ya ɗauki na baya, kuma ya bi a hankali, ba tayar tanka ba ce. Ya ce baƙin da ke cikin tsaga da tsohon farce ake kankare shi, ba da ƙusa ba. Direba ya ce to. Can kuma ya ce to. Rabon Yaya da ta ji ƙanenta ya ce to sau biyu a jere tun yana gajeren wando.

Aiki ya kankama. Sannu-Sannu ya shimfiɗa kwali mai tsabta, ya zana kusurwa uku sau biyu, duk farcen da aka zare da ɗan ƙarfen da ke tura shi sai a ajiye su a kusurwarsu, don kowa ya koma ɗakinsa. Robobin da suka zagaye faranti ya ɗago su suna karyewa a hannunsa kamar busasshen ganye. Ya ce sababbi ba wuya yanzu, ta waya zai yi odarsu, su iso cikin 'yan kwanaki. Baba ya girgiza kai, ya ce shi ya yi shekara yana aika saƙo wurin masu kayan gyara ba a samo masa ba. Ya ce ranar haɗawa a zo da shi, domin ya san Sannu-Sannu har yau yana ƙwauron basilin, kuma in ba a shafa shi sosai ba ƙananan ƙarafan nan zubewa suke yi ana cikin rufewa. Sannu-Sannu ya ce wannan zargin ya girmi 'ya'yansa.

Rana ta yi sanyi. Yaya ta sayo ruwa da burodi, ta zauna kusa da Baba a kujerar bas. Ta ce masa magana ta ƙare, ba likita, ba katifa, ba wanda zai sake ce masa ya bar gidansa, in kuwa wani ya sake tayar da zancen da ita zai yi. Ta faɗa da ƙarfi yadda mai wankin ƙarfe zai ji.

Baba ya tauna burodinsa ya haɗiye. Sannan ya ɗaga murya ya tambayi Direba ko ɗakin nan da ya share a ƙasa yake ko sai an hau bene.

Direba ya ɗago, kananzir yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya ce a ƙasa yake, tagarsa tana kallon tsakar gida.

"To, ka bar katifar inda take."

Yaya ta juyo ta dube shi. Ya ce gidan can ya yi masa girma tun da uwarsu ta tafi, ɗakuna sai amsa kuwwa, in ya yi tari da dare ba mai ce masa sannu. Ya ce ya daɗe da gajiya da shi.

"To Baba, me ya hana ka faɗa? Me ya sa ka ce ba inda za ka?"

"In tafi in bar wa wa juyin? Ku? Wata biyu ya ishe ku ku kira masu sayen tsohon ƙarfe." Ya karkaɗe ɓurɓushin burodi daga cinyarsa. "Yanzu kuwa za ta tashi da ƙafarta. Ranar da ta tashi, a cikinta zan tafi, ba a bayan motar kowa ba."

Tun safe Yaya take yaƙi a kan gidan da mai shi ya ƙosa ya bari. Ta dubi ƙanenta, shi ma ita yake kallo, buroshi a hannu, ba wanda ya san wa ya ci wa ya faɗi.

Baba ya nuna kwanon da sandarsa, ya ce wa Direba bai ce ya tsaya ba, akwai sauran baƙi a tsagar can ta hagu.